Yadda Kwamfuta Ke Gano Inda Firam ɗin Keke Zai Tsage Tun Kafin a Ƙera Shi

Duk wanda ya taɓa ɗan zama a wajen mai gyaran keke ko mai walda zai lura da wani abu: da wuya ka ga keke ya karye a tsakiyar bututu. Kusan kullum tsagar tana fitowa ne a mahaɗa, ko dai a ƙarƙashin wuyan keken, ko a kewayen gidan feda, ko kuma a inda sandar sirdi ta shiga. Mai walda ya san haka saboda yawan gani. Injiniyoyin kamfanonin keke kuwa suna so su sani tun keken yana zane a kwamfuta, kafin a yanka bututu ko ɗaya. Hanyar da suke bi ita ce wadda ake taƙaita sunanta da FEA. A wannan rubutu zan riƙa kiranta lissafin gutsattsari, don ainihin abin da take yi ke nan.

Ni ba injiniyan ƙere-ƙere ba ne, rubuta manhaja ce sana'ata. Abin da ya ja ni ciki shi ne hotunan nan da kamfanoni ke sakawa a talla, inda za ka ga firam ɗin keke an shafe shi da shuɗi da kore da ja kamar taswirar hasashen yanayi. Sai na ce bari in ga abin da ke bayan kalolin. Na sauke FreeCAD, wadda kyauta ce, na zana firam, na yi ta kuskure na tsawon makonni. Kura-kuran ne suka fi koya mini abin, shi ya sa za su fito da yawa a ƙasa.

Da farko, mene ne ake aunawa?

Abin da ake nema shi ne takurar da ƙarfe ke ciki a kowane wuri. Takura a nan tana nufin ƙarfin da ke ja ko danne ƙarfen, a raba shi da faɗin naman ƙarfen da ke ɗauke da shi. Ana auna ƙarfi da niyutan (kilo ɗaya yana danna ƙasa da kusan niyutan 10), ana auna takura da megafaskal, wato niyutan ɗaya a kan kowace murabba'in milimita.

Ga misalin da ya buɗe mini ido, kuma kowa zai iya gwada shi da kalkuleta. Ɗauki bututun sitil irin na tsofaffin kekunan tsere, mai faɗin milimita 28.6 da kaurin bango milimita 0.9. Idan ka yanka shi ka auna naman ƙarfen da ke zobe, kusan murabba'in milimita 78 ne. Rataya masa niyutan 1,000 a tsaye, ya zama jansa kawai ake yi: takurar ba ta wuce megafaskal 13 ba. Yanzu daddatse gefe ɗaya a jikin bango ya fito a kwance, ka rataya wannan nauyin dai a nisan santimita 20 daga bangon. Takurar da ke gindinsa za ta kai wajen megafaskal 380. Bututu ɗaya, nauyi ɗaya, amma bambancin ya kusa ninki 30. Sitil mai kyau na keke, wanda ake kira kuromoli 4130, yana fara lanƙwashewar da ba ya komawa daidai a wajen megafaskal 450, don haka na biyun ya kusa bakin rami.

Wannan ne sirrin siffar keke. Tun bayan da John Kemp Starley ya fitar da kekensa Rover a garin Coventry na Ingila a 1885, masu ƙira suka karkata zuwa firam mai alwatika biyu, wato siffa mai kusurwa uku a gaba da wata a baya, kuma har yau ba a rabu da ita ba. Alwatika tana sa yawancin nauyi ya bi tsawon bututu a matsayin ja ko danni, maimakon ya lanƙwasa shi. To amma mahaɗun keke a manne suke da walda, ba sa juyawa, saboda haka lanƙwasa da murɗa ba sa ɓacewa gaba ɗaya. Suna taruwa ne a mahaɗa, inda bututu uku ko huɗu suka haɗu a siffar da babu wani tsararren lissafi na littafi da zai warware ta. A nan gizo ke saƙar.

Dabarar gutsuttsurawa

Tunda ba za a iya lissafa siffa mai wuya a dunƙule ba, sai a yanka ta a cikin kwamfuta zuwa dubban ƙananan gutsattsari masu siffa mai sauƙi. Kowane gutsure yana haɗe da maƙwabtansa a wasu ɗigo-ɗigo da za mu kira ƙulli. Idan ka kalli zanen bayan an yanka, kamar an lulluɓe keken da ragar kamun kifi, shi ya sa ake kiran wannan mataki saƙa raga.

Kowane gutsure kuma ana ɗaukarsa kamar ɗan sifirin: idan ka ja shi da ƙarfi kaza, zai miƙe da tsawo kaza, gwargwadon taurin abin da aka yi shi da shi. Wannan ita ce dokar Robert Hooke ta ƙarni na 17 da ake koyarwa a sakandare. Kwamfuta tana haɗa taurin dukkan gutsattsarin a wani ƙaton jadawalin lambobi, ka gaya mata inda aka danna da inda aka riƙe, ita kuma ta nemo yadda kowane ƙulli ya gusa. Daga gusawar take fitar da takura.

Ga ɗan uwana mai rubuta manhaja: abin nan ba komai ba ne illa lissafin nan na "nemo x da y" da muka yi a aji huɗu, sai dai an yawaita shi. Kowane ƙulli na iya gusawa ta fuska uku. Idan ragarka na da ƙulli 100,000, kana da abubuwa 300,000 da ba a sani ba, da layukan lissafi 300,000 da za a warware lokaci guda. Abin da ya sa ƙaramar kwamfuta ke iya wannan aiki shi ne kusan duk jadawalin sifili ne, tunda kowane ƙulli da maƙwabtansa kaɗai yake hulɗa, kuma akwai dabarun ajiya da ke tsallake sifilin.

Ba don keke aka ƙirƙiro dabarar ba. Masanin lissafi Richard Courant ya kawo tunanin raba fili zuwa alwatika a 1943. A 1956 wasu injiniyoyi da ke nazarin fukafukan jirgin sama a kamfanin Boeing, tare da Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, suka wallafa aikin da ya zama tushe, kuma Clough ne ya raɗa wa hanyar sunan da ake kiranta da shi a 1960. Hukumar NASA ta ɗauki nauyin manhajar NASTRAN a ƙarshen shekarun 1960. Zuwa 1986 har an fara ganin nazarin firam ɗin keke da wannan hanya a mujallar Bike Tech ta Amurka. Yau kamfanoni na amfani da irin su Ansys da Abaqus masu tsada, mu kuwa muna da FreeCAD, wadda ke kiran Gmsh ta saƙa raga, CalculiX kuma ta yi lissafin.

Gutsattsarin iri uku ne. Akwai na layi, inda kowane bututu ke zama sanda siririya. Yana gamawa cikin daƙiƙa, yana nuna yadda firam ke lanƙwasa gaba ɗaya, amma makaho ne a mahaɗa. Akwai na fata, wanda ke ɗaukar bangon bututu kamar takardar da aka naɗe. Sai na curi, mai cike wuri. Ni da na curi na fara, don shi ne ya fi kama da gaske a ido. Kuskure ne. Bangon da bai kai milimita ɗaya ba yana buƙatar gutsattsari fiye da ɗaya a kaurinsa kafin ya nuna lanƙwasa daidai, ka ga kenan firam guda zai ci miliyoyi. Laftof ɗina ta yi ta huci har ta daskare. Na fata shi ne daidai da bututu, a bar na curi ga wurare masu kauri irin su gidan feda.

Tambayar da ka yi ita za a amsa maka

Saƙa raga da danna maɓallin lissafi su ne masu sauƙi. Mai wuyar shi ne gaya wa kwamfuta gaskiyar abin da ke faruwa da keke a kan hanya.

Yawancin masu farawa, har da ni, suna ɗora nauyin mutum a kan sirdi su danna lissafi. Sai firam ya fito shuɗi fes, ka ce ai wannan keken giwa ma zai ɗauka. Zama a kan sirdi shi ne aiki mafi sauƙi da firam ke yi, domin nauyin yana bin alwatika kai tsaye. Wahalar tana zuwa ne lokacin da mutum ya miƙe tsaye a kan feda zai hau tudu.

Mu lissafa. Mutum mai kilo 80 ya sauke dukkan nauyinsa a feda ɗaya, kusan niyutan 800 kenan. Hannun feda yana da tsawon milimita 170. Babban faifan sarƙa mai haƙora 44 yana da nisan kusan milimita 89 daga tsakiya zuwa baki. Saboda hannun feda ya kusa ninka wannan nisa, sarƙar tana ja da wajen niyutan 1,500, kwatankwacin kilo 150 da ɗoriya, kuma duk a ɓangaren dama. Wannan jan yana danne siririn bututun da ya tashi daga gidan feda zuwa tayar baya. Ban da haka, fedar ba a tsakiyar keke take ba, tana gefe da kusan santimita 15, saboda haka kowane taku yana murɗa gidan feda zuwa gefe, yayin da hannuwan mahayin ke jan kan keken zuwa ɗaya gefen. Babban bututun da ya gangaro daga wuya zuwa gidan feda shi ke shan wannan murɗa, kamar ana matse wanki. Taku na gaba kuma a murɗa shi ta ɗaya ɓarin.

Sai birkin gaba. Idan aka damƙe shi, tayar na neman tsayawa, keken da mahayi na neman wucewa, dogon ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya zama kamar sandar ɓanɓare ƙusa, yana ɗaga wuyan keken. Faɗawa rami ma haka. Wannan ya sa ƙarƙashin mahaɗar wuya ke cikin wuraren da aka fi samun tsaga.

Ba sai ka ƙirƙiro waɗannan yanayi da ka ba. Ƙa'idar ISO 4210 ta tanadi gwaje-gwajen da ake yi wa keke na gaske, kuma masu ƙira su suke kwaikwaya a kwamfuta. A gwajin taka feda, inji yana danna hagu da dama sau 100,000, da niyutan 1,000 ga keken gari, 1,100 ga na tsere, 1,200 ga na hawan duwatsu. Akwai kuma gwajin da ake sako nauyin kilo 22.5 ya faɗo a kan ƙarshen ƙarfen tayar gaba. Abin lura a nan: an tsara waɗannan ne da tunanin mahayi da ɗan kayansa. Wanda ke ɗaure buhun masara ko jarkokin ruwa a kariyar baya ya shigo da wani yanayi daban, kuma duk mai son ƙera keken dako dole ya saka wannan nauyi da kansa, har da girgizarsa a hanyar burji.

Bayan nauyi sai riƙo, wato inda za ka ce wa kwamfuta "nan ba ya motsi". Na taɓa ƙulle wurin tayar gaba da na baya duka biyu kam. Sakamakon ya nuna firam mai tauri fiye da kima. Dalili kuwa a fili yake: a zahiri tayoyi suna gungurawa, don haka idan nauyi ya sauka, tazarar da ke tsakaninsu tana ɗan buɗewa. Ni kuwa na hana ta, sai riƙon nawa ya ɗauke wa bututun aikinsu. Daidai shi ne a bar ɓangare ɗaya ya juya, ɗayan kuma ya iya zamewa gaba da baya. Kwamfutar ba ta yi mini gargaɗi ba, ba ta nuna kuskure ba. Ta amsa tambayar da na yi, ta zana mini kyakkyawan hoto.

Ja ba lalle ne haɗari ba

Kalolin da ake gani yawanci suna nuna wata lamba ce mai sunan Richard von Mises, wadda ke dunƙule ja da danni da murɗa su zama adadi ɗaya da za a kwatanta da iyakar ƙarfen. Manhaja tana ba wa adadi mafi girma ja, mafi ƙanƙanta shuɗi, ko nawa ne su. Idan mafi girman takura a zanenka megafaskal 20 ce, za ta fito ja wur alhali ba komai ba ce. Shi ya sa hoton talla da ba a nuna lambobin gefensa ba bai gaya maka komai ba.

Akwai wani tarko da ya cinye mini kwanaki. Na ga ɗigon ja a inda bututu biyu suka haɗu, sai na ƙara wa ragar laushi don in samu amsa mafi inganci. Lambar ta ƙaru. Na sake ƙarawa, ta sake tashi. Na ɗauka manhajar ce ta lalace. Ashe zanena ne: na haɗa bututun da kusurwa mai kaifi kamar bakin reza, kuma a lissafi takurar irin wannan kusurwa ba ta da iyaka, iya laushin raga iya hauhawarta. Keke na gaske ba shi da irin wannan kusurwa, domin naman walda yana cike wurin. Da na zana ɗan lanƙwasa a madadin waldar, lambar ta tsaya. Ƙa'idar ita ce ka riƙa rage girman gutsattsari kana maimaitawa har amsar ta daina canzawa sosai. Idan ba ta tsaya ba, kada ka yarda da ita.

Kada a fahimce ni a baibai, taruwar takura a kusurwa gaskiya ce. Jiragen Comet biyu da suka tarwatse a sama a 1954, bincike ya gano tsagar ta faro ne daga kusurwar wasu ƙofofi masu kusan murabba'i a jikin jirgin. A keke, ƙaramin ramin da aka huda don wayar birki ko don maƙala gorar ruwa na iya zama mafarin tsaga. Rami mai da'ira a faranti da ake ja yana ninka takurar bakinsa kusan sau uku.

Gajiya ce ke kashe firam

In ba hatsari aka yi ba, firam ba ya karyewa saboda nauyi ɗaya mai yawa. Ƙananan nauyi ne da ake ta maimaitawa. Ɗauki waya ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya, za ta tsinke ba tare da ka ja ta ba. Injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, shi ya yi fitaccen nazari kan wannan a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da sandunan ƙafafun taragu ke karyewa ba gaira ba dalili. Mai tuƙa keke da ke juya feda sau 80 a minti yana yin zagaye 4,800 a awa. Awa ɗaya kullum, a shekara ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai.

A nan sitil da alminiyam suka rabu. Sitil yana da wata iyaka wadda idan takura ba ta kai ta ba, kusan ba ya gajiya komai yawan maimaici. Alminiyam ba shi da wannan tabbatacciyar iyaka. Kowane zagaye yana ɗan ci daga kwanansa. Ga shi kuma taurinsa kashi ɗaya cikin uku ne na sitil, kamar yadda nauyinsa ma yake kusan kashi ɗaya cikin uku. To me ya sa kekunan alminiyam ba sa lanƙwasa kamar roba? Saboda an faɗaɗa bututunsu. Idan ka ninka faɗin bututu ka bar kaurin bangon yadda yake, nauyinsa zai ninka sau biyu, amma taurinsa wajen lanƙwasa ya ninka kusan sau takwas. Wannan ne dalilin da ya sa keken alminiyam ke da bututu masu ƙiba. Sai dai abin na da iyaka: idan bangon ya yi siriri ƙwarai a kan faɗin, bututun zai riƙa loɓawa kamar gwangwanin lemo, kuma wannan wani lissafi ne daban da dole a sa manhaja ta yi, don hoton takura na yau da kullum ba ya nuna shi.

Tun kafin kwamfuta maƙera sun gane cewa bakin bututu ya fi tsakiyarsa shan wahala. A 1897 Alfred Reynolds na Birmingham ya yi rajistar hanyar yin bututu mai kauri a bakuna biyu da siriri a tsakiya, irin wanda yau za ka ga an rubuta 0.9/0.6/0.9. Abin da lissafin gutsattsari ya ƙara shi ne faɗin daidai inda kaurin ya kamata ya ƙare, da nawa za a iya ragewa. A kekunan zaren kabon abin ya fi haka zurfi, domin kabon yana da ƙarfi ne ta fuskar da zarensa ya miƙe kawai, saboda haka sai an gaya wa manhaja alƙiblar kowane shimfiɗi, ɗaya bayan ɗaya. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana keken gasa ya gaza kilo 6.8, kuma kamfanoni sun daɗe da iya sauka ƙasa da haka.

Abin da zanen bai sani ba

A zane, ƙarfe iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. A zahiri, zafin walda yana sauya ƙarfen da ke gefenta. Alminiyam 6061-T6, wanda aka fi yin firam da shi, yana jure wajen megafaskal 275 kafin ya lanƙwashe, amma a gefen sabuwar walda zai iya rasa kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin wannan ƙarfi. Shi ya sa masana'anta ke mayar da firam ɗin gaba ɗaya cikin tanda bayan walda: a gasa shi a wajen digiri 530, a sanyaya shi nan take, a sake ɗumama shi a wajen digiri 175 na tsawon sa'o'i. Idan ka saka 275 a manhaja alhali firam ɗinka bai ga wannan tanda ba, lambobinka ƙarya suke yi a daidai wurin da ya fi muhimmanci. Wannan kuma ya shafi masu sayen kekunan gwanjo na alminiyam: in ya tsage aka yi masa walda a bakin titi, zai manne, amma yakan sake tsagewa a gefen waldar. Firam ɗin sitil ya fi karɓar gyara.

Manhaja ba ta san mai waldar ya bar ƙaramin rami a ciki ba, ba ta san tsatsa ta ci bututun ta ciki ba. Saboda haka kamfanonin kirki ba sa tsayawa a allo. Suna ƙera samfuri, su manna masa ƙananan na'urorin auna miƙewar ƙarfe a wuraren da kwamfuta ta nuna, su ɗora shi a injin gwaji, su kwatanta. Idan an samu saɓani, zanen kwamfutar ake gyarawa. Amfanin lissafin shi ne a gwada siffa hamsin a allo a ƙera uku, maimakon a ƙera hamsin ɗin. Ya fi ƙarfi wajen kwatance, wato tsakanin wannan ƙira da waccan wacce ta fi, fiye da faɗin ranar da firam zai karye.

Ga mai son gwadawa, shawarata kada ka fara da keke. Zana bututu ɗaya tak, mai faɗin 28.6 da bango 0.9, ka riƙe gefe ɗaya, ka ɗora niyutan 1,000 a nisan milimita 200. Ka riga ka san amsar: wajen 380 a kusa da gindi. Duba ɗan nesa kaɗan da inda ka riƙe, don bakin riƙon kansa yana fitar da lambar da ta zarce gaskiya. Idan ka ga 0.38 ko 380,000, ma'auninka ne ya cakuɗe tsakanin mita da milimita, ko tsakanin kilofaskal da megafaskal, abin da ya faru da ni a daren farko. Ka kuma duba jimillar ƙarfin da wurin riƙon ya mayar. Dole ta zama 1,000 cif. Idan wannan bututu ya ba ka amsar da ta dace da kalkuleta, sai ka ƙara na biyu ka haɗa su, ka ga yadda mahaɗar ke canza launi.